BEDA NA JARROW, MALAMIN ƘIDAYAR SHEKARU

Kowace safiya in ɗalibi ya buɗe littafinsa a aji, abin da ya ke fara rubutawa shi ne kwanan wata, watau rana da wata da shekara. Haka iyayenmu su ke yi in za su rubuta wasiƙa ko su sa hannu a takardar ciniki. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi wanda ya fara wannan ƙidaya ta Miladiyya, da kuma dalilin da ya sa duk sa'ad da ƙarni ya zo ƙarewa sai gardama ta tashi, waɗansu su ce ya cika, waɗansu su ce da sauran shekara guda. Wanda ya ke son ya gane wannan, sai ya san tarihin wani malami da ya zauna a can arewacin Ingila shekaru kusan 1,300 da suka wuce. Sunansa Beda da Latinanci, Turawan Ingila kuwa suna rubuta shi Bede. Ba shi ya ƙago ƙidayar ba, amma shi ya fitar da ita daga cikin jadawalin malamai, ya sa ta zama abin amfanin kowa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Beda wajen shekarar 673, a ƙasar Nortumbiriya, kusa da inda birnin Sunderland ya ke a yau. A zamanin nan Ingila ba ƙasa ɗaya ba ce. Ƙananan masarautu ne, kowace da sarkinta, kuma ba su daɗe da barin bautar gumaka suka shiga addinin Kirista ba. Da ya kai shekara 7, sai danginsa suka kai shi gidan ruhubanawa na Wearmouth, suka danƙa shi a hannun shugaban gidan don ya yi karatu. Ruhubanawa su ne mutanen da su kan bar aure da dukiya, su taru wuri ɗaya, ba su da aiki sai ibada da karatu da noman abin da za su ci.

Shugaban nan, Benedik Biskop, ɗan manyan mutane ne, kuma mai son littattafai ƙwarai. Shi ya kafa gidan a 674. Ya je birnin Rum har sau biyar, a lokacin da tafiyar ta kan ci watanni, kuma ya kan komo da kaya niƙi-niƙi na littattafai. Ya ɗauko magina da masu yin gilashin taga daga Faransa, ya kuma kawo wani babban malamin waƙar ibada daga Rum don ya koya wa mutanensa. Masana suna ƙiyasta littattafan da ya tara sun kai kamar 200. A yau laburaren makarantar sakandare ya fi haka, amma a lokacin da kowane littafi da hannu a ke rubuta shi, wannan dukiya ce wadda ba ta da na biyu a Ingila.

Ba da daɗewa ba aka gina gida na biyu a Jarrow, a bakin kogin Tyne, aka ba wani malami mai suna Ceolfrith shugabancinsa. Beda ya bi shi can, a nan kuma ya ƙare rayuwarsa. Dutsen da aka rubuta ranar buɗe cocin Jarrow a 685 yana nan har yau a jikin bango.

Wajen 686 annoba ta auka wa gidan, ta kwashe kusan duk waɗanda suka iya karanta addu'o'in yau da kullum. Wani tsohon littafi da ya ba da tarihin Ceolfrith ya nuna mutum biyu kaɗai suka rage da za su iya riƙe ibadar, shi shugaban da wani ƙaramin yaro almajirinsa. Su biyun nan suka ci gaba da yi har aka horar da waɗansu. Littafin bai ambaci sunan yaron ba, amma masana da yawa suna ganin Beda ne, domin a lokacin yana da shekara 13 ko 14, kuma a hannun Ceolfrith ya ke.

Karatunsa da aikinsa

An naɗa shi dikon yana da shekara 19, alhali kuwa bisa ga doka sai mutum ya kai 25. Wannan ya nuna yadda manyansa suka yarda da hankalinsa. Da ya kai 30 aka naɗa shi cikakken limamin coci. Bai taɓa zama shugaban gida ko bishop ba, bai kuma taɓa zuwa Rum ba. Iyakar tafiye-tafiyensa da aka sani ba su wuce tsibirin Lindisfarne da birnin York ba. Abin da ya fi so a duniya abu uku ne, ya koya, ya koyar, ya rubuta.

Kada mai karatu ya zaci rubutu a zamanin nan abu ne mai sauƙi. Ba takarda. Fatar 'yan maruƙa a ke jemewa a kankare, a yi rubutu a kai da alƙalamin gashin tsuntsu. A zamanin Ceolfrith gidan ya rubuta cikakken Baibul guda uku. Ɗaya daga cikinsu yana nan a birnin Florence ta Italiya, nauyinsa ya kai kamar kilo 34, an kuma yi shi da fatar 'yan maruƙa wajen 500. Ceolfrith da kansa ya ɗauke shi a 716 zai kai wa Paparoma kyauta, amma ya rasu a hanya, a ƙasar Faransa. Cikin irin wannan wahala Beda ya rubuta littattafai fiye da 30, waɗanda shi da kansa ya jera sunayensu. Akwai sharhin littattafan addini, da nahawu, da ƙa'idar waƙa, da tarihin waliyyai, da kuma ilmin lissafin lokaci, wanda shi ne abin da ya shafe mu a nan.

Rikicin ranar Ista

Me ya kai malamin addini ga lissafin lokaci? Babban bikin Kiristoci, watau Ista, ba shi da tsayayyar rana. Dole ya faɗo ran Lahadi, kuma Lahadin da ta biyo bayan cikar farin wata na farkon bazarar Turai. Ke nan sai an haɗa tafiyar rana da ta wata da kwanakin mako kafin a same shi. Malaman da suka zo daga Rum suna da nasu lissafi, waɗanda suka zo daga Ailan suna da nasu. Beda ya ba da labarin yadda a gidan sarkin Nortumbiriya, Oswiu, ya kan zamana sarki ya gama azuminsa yana biki, matarsa kuwa tana cikin nata azumin, don kowannensu da lissafin da ya ke bi. Mu da muka san yadda saɓani a kan ganin wata ya kan raba gari biyu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 664 aka yi babban taro a Whitby, sarki ya yanke hukunci a bi lissafin Rum. Duk da haka waɗansu wurare ba su bi ba har cikin zamanin Beda, shi ya sa ya ɗaura ɗamarar bayyana lissafin filla-filla.

Jadawalin da ya dogara da shi na wani baruhube ne mai suna Diyonisiyus, wanda a ke yi wa laƙabi da Ƙarami. Asalinsa daga yankin da ke bakin Baƙin Teku ne, wajen ƙasar Romaniya ta yau, amma a Rum ya zauna. A 525 ya tsara ranakun Ista na shekara 95. Tsohon jadawalin da ya tarar yana ƙidaya shekaru daga hawan sarautar Diyokletiyan, sarkin Rum wanda ya gallaza wa Kiristoci azaba. Diyonisiyus ya ƙi ya ci gaba da tunawa da azzalumi, sai ya mai da ƙidayar ta fara daga haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Shekarar da za a ce da ita ta 248 ta Diyokletiyan, shi ya ce da ita 532. Daga nan ƙidayar Miladiyya ta samo asali.

Amma kusan shekara 200 ba wanda ya kula da ita sosai, sai masu duba ranar Ista. Mutane suka ci gaba da faɗin shekara yadda suka saba, su ce shekara ta kaza ta sarautar wane. Beda ya ɗauki jadawalin nan ya yi nazarinsa. Ya bayyana cewa bayan kowace shekara 19 farin wata ya kan komo ya cika a ranar da ya cika a dā, bayan kowace shekara 28 kuma kwanakin mako su kan komo daidai da kwanakin wata. In an ninka 19 sau 28 sai a sami 532. Ke nan bayan shekara 532 ranakun Ista za su sake maimaita kansu daga farko. Sai ya tsara cikakken jadawali daga 532 har zuwa 1063, domin waɗanda za su zo bayansa su huta.

Zargin da aka yi masa

A 703 Beda ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kan lokaci domin almajiransa. Wannan littafi ya kusa jawo masa babbar masifa. Malaman Kirista na lokacin sun raba tarihin duniya zamani shida, suka ce na shida ya fara da zuwan Annabi Isa. Mutane da yawa kuma suka ɗauka kowane zamani shekara 1,000 ne, in dubu shida ta cika sai tashin duniya. Tsohon lissafin da kowa ya sani ya ce an haifi Annabi Isa duniya tana da shekara 5,199. In haka ne, shekara ta 6,000 za ta faɗo wajen 800 ke nan, watau saura ƙasa da shekara 100.

Beda bai karɓi adadin nan ido rufe ba. Ya koma ya bi shekarun annabawa da sarakuna ɗaya bayan ɗaya, bisa ga fassarar Baibul da aka yi daga Ibrananci, maimakon wadda aka yi daga Girkanci. Da ya haɗa sai ya sami 3,952. Bambancin ya fi shekara 1,200.

A 708, ana cikin cin abinci da shaye-shaye a gaban Bishop Wilfrid, sai waɗansu suka tashi suka zargi Beda da ɓata addini. Hujjarsu ita ce, tun da ya ce shekarun ba su kai ko 4,000 ba, to, ya musa cewa Annabi Isa ya zo a zamani na shida. Bishop kuwa bai tsawata musu ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Irin wannan zargi a zamanin nan ba abin wasa ba ne, domin zai iya sa a hana mutum koyarwa, a yi watsi da littattafansa. Da labari ya kai wa Beda, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga wani baruhube mai suna Plegwin, ya roƙa a karanta ta a gaban bishop. A ciki ya nuna inda ya samo kowane adadi, ya bayyana cewa ba inda nassi ya ce tilas kowane zamani ya zama shekara 1,000. Ya kuma nuna ɓacin ransa ga masu damunsa da tambayar shekara nawa ta rage duniya ta tashi, alhali wannan sani na Allah ne kaɗai. Ba a hukunta shi ba, shi kuma bai janye ko shekara guda daga lissafinsa ba.

A 725 ya fito da babban littafinsa na lissafin lokaci, ya sake kawo adadin nan na 3,952 da cikakkun hujjoji. Babin farko yana koyar da ƙirga da yatsu. Hannun hagu yana nuna ɗaiɗai da gomomi, na dama yana nuna ɗaruruwa da dubbai, ta haka mutum ya kan ƙirga har 9,999 ba tare da ya rubuta kome ba. A cikin littafin ya bayyana cewa duniya a mulmule ta ke kamar ƙwallo, shi ya sa tsawon yini ya ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya nuna cikar teku da janyewarta suna bin tafiyar wata, kuma lokacin cikar ya kan bambanta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya rubuta sunayen watannin da kakanninsa su ke amfani da su kafin su shiga Kiristanci, waɗanda da ba don shi ba da sun ɓace. Kofe fiye da 200 na littafin nan da aka rubuta da hannu sun kawo zamaninmu.

Littafin tarihi

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne tarihin coci da na mutanen Ingila, wanda ya kammala a 731, ya sadaukar da shi ga Sarki Ceolwulf. Ya aika wasiƙu ko'ina yana neman labari. Wani limami mai suna Nothhelm har Rum ya je ya kwafo masa tsofaffin wasiƙu daga ma'ajiyar Paparoma. Beda ya kan faɗi wanda ya ba shi labari, ya kuma bambanta abin da ya gani a rubuce da abin da ya ji a baki. Domin haka a ke ce masa uban tarihin Ingila.

Amma da ya zo jera labaran sai ya gamu da matsala. Wani abu an ce ya auku a shekara ta kaza ta sarkin Kent, wani a shekara ta kaza ta sarkin Nortumbiriya, wani kuma an ƙirga shi da sarautar sarkin Rum. Yaya za a san wanda ya riga wani? Sai ya ɗauko ƙidayar Diyonisiyus ya mai da ita igiyar da ya ɗaure dukan labaran. Shi ne babban littafin tarihi na farko da aka gina bisa wannan ƙidaya. Da ya zo ba da labarin zuwan Yuliyas Kaisar tsibirin Birtaniya, wanda ya auku kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya ƙirga da baya, ya ce shekara ta 60 kafin haihuwar. Masana na yau sun ce 55 ne daidai, amma hanyar da ya buɗe ita a ke bi har yanzu.

Littafin ya bazu. Malaman Ingila da suka tafi wa'azi ƙasar Jamus suka riƙa aiko da wasiƙu suna roƙon a kwafa musu littattafan Beda. Bayan rasuwarsa har wani shugaban gidan ya rubuta yana ba da haƙuri, cewa tsananin sanyin hunturu ya sandarar da hannuwan marubutansa, shi ya sa aiki ya yi jinkiri. Ta hannun irin su Alkuwin na York ƙidayar ta shiga fadar Sarki Shalaman, daga nan ta game Turai sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, domin ƙasar Fotugal sai a 1422 ta bar tata tsohuwar ƙidaya.

Shekarar da babu

To, ga inda gardamar ƙarni ta samo tushe. A ƙidayar da Beda ya gada ya kuma yaɗa, babu shekara ta sifiri. Daga shekara ta 1 kafin haihuwa, sai shekara ta 1 bayan haihuwa, ba kome a tsakani. A kan ce dalili shi ne Turawan lokacin ba su da alamar sifiri. Gaskiya ne, domin da haruffan Rumawa su ke rubuta adadi, shekarar 735 su kan rubuta ta DCCXXXV. Wani malamin Indiya, Brahmagupta, ya riga ya rubuta ƙa'idojin sifiri tun 628, Alkhawarizmi ya bayyana lambobin Indiya a Bagadaza wajen 825, amma sai bayan 1200 suka fara kama ƙasa a Turai. Ita kanta kalmarmu ta sifiri daga Larabci muka aro ta.

Sai dai akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Beda da Diyonisiyus jera shekaru su ke yi, ta fari, ta biyu, ta uku, kamar yadda a ke jera shekarun sarauta. Ran da aka naɗa sarki ya shiga shekararsa ta fari, ba wanda zai ce yana cikin shekara ta sifiri. Haka ɗalibi ran da ya zo makaranta aji ɗaya a ke sa shi.

Yanzu sai mu yi lissafi. In mutum yana bin ka bashin naira 100, kana ƙirga masa ɗaya-ɗaya, ba zai tashi ba don ka ce 99. Ba zai tashi ba kuma sa'ad da ka ɗauko ta 100, sai ta shiga hannunsa. Haka shekaru. Ƙarni na farko ya fara da shekara ta 1, bai cika ba sai da shekara ta 100 ta ƙare. Ƙarni na 2 ya fara da 101 ke nan. In an bi haka, ƙarni na 20 ya fara ran 1 ga Janairu 1901, ya ƙare ran 31 ga Disamba 2000. Ƙarni na 21, da dubu ta uku, sun fara ran 1 ga Janairu 2001.

Amma ido ya fi son ya ga lambobi sun juya gaba ɗaya, kamar yadda direba ya kan ji daɗi in mitar motarsa ta cika da sifiri. Don haka gardama ba ta ƙarewa. An yi ta a 1699, an yi ta a 1799. Da 1900 ta gabato, Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ba da umurni ƙasarsa ta karɓi sabon ƙarni ran 1 ga Janairu 1900, Ingila da Amurka kuwa galibi suka jira 1901. A daren 31 ga Disamba 1999 yawancin duniya ta yi shagalin shiga sabuwar dubu, ko da ya ke masanan taurari na Greenwich sun yi ta bayani cewa da sauran shekara guda. Su masanan taurari tun 1740 wani Bafaranshe, Jacques Cassini, ya shigar da shekarar sifiri cikin jadawalinsa don sauƙin lissafi, amma kalandar da jama'a ke amfani da ita ba ta canza ba.

Batun shekara goma-goma kuwa da sauƙi. In mutum ya ce shekarun 1980, yana nufin 1980 zuwa 1989, bai yi kuskure ba, domin suna ya ba su bisa ga lambar da suka fara da ita, kuma kowace shekara goma a jere goma ce. Kuskure yana zuwa ne in an yi amfani da lambar jeri. Wanda ya ce ƙarni na 20 yana nufin ɗari ta ashirin tun daga farkon ƙidaya, ita kuwa ba ta cika sai da ƙarewar 2000.

Ƙidayar Hijira ma haka ta ke. Sa'ad da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya tsayar da ita, wajen 638, shekarar da aka yi hijira, watau 622, ita aka kira ta 1. Saboda haka, ko da ya ke jama'a da yawa sun ɗauki shigar 1400 a Nuwamba 1979 a matsayin sabon ƙarni, ƙarni na 15 na Hijira ya fara ne ran 1 ga Muharram 1401, cikin Nuwamba 1980.

Akwai kuma wani abin lura. Yawancin masana tarihi sun yarda Diyonisiyus ya yi kuskuren 'yan shekaru, domin Sarki Hirudus, wanda Linjila ta ce a zamaninsa aka haifi Annabi Isa, ya mutu wajen shekara ta 4 kafin farkon ƙidayar. Ke nan ainihin cikar shekara 2,000 da haihuwar ta riga ta wuce tun kafin a fara shagali. Wannan ya isa ya nuna mana gaskiyar Beda, da ya ƙi yarda cikar wata lamba ita za ta kawo tashin duniya. Lamba mutane suka sa ta don su san inda su ke.

Rasuwarsa

Ana saura mako biyu Ista ta 735, Beda ya kamu da ciwon sarƙewar numfashi, daga baya ƙafafunsa suka kumbura. Wani almajirinsa mai suna Cuthbert, wanda ya ke wurin, ya rubuta yadda kwanakin suka kasance. Malamin bai bar koyarwa ba ko kwana ɗaya. Yana fassara Linjilar Yohanna zuwa Ingilishin zamanin, don waɗanda ba su jin Latinanci su amfana, yana ta gaggauta almajiransa su rubuta tun yana da sauran numfashi. A ranarsa ta ƙarshe ya sa aka ɗauko 'yar akwatinsa, ya raba wa 'yan'uwansa abin da ya mallaka a duniya, ɗan masoro, da 'yan ƙyallaye, da turaren wuta. Da maraice yaron da ke rubuta masa, Wilberht, ya tuna masa da sauran jimla guda. Ya faɗa, yaro ya rubuta. Sa'an nan ya roƙa a tallafe kansa ya fuskanci wurin da ya saba addu'a, ya cika a zaune a ƙasan ɗakinsa. An rubuta ranar rasuwarsa 26 ga Mayu 735, yana da shekara kamar 62.

An binne shi a Jarrow. A ƙarni na 11 aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa Durham, kabarinsa yana nan a babban cocin birnin har yau. Tun ƙarni na 9 a ke kiransa da laƙabin Mai Daraja, a 1899 kuma Paparoma Leo na 13 ya sa shi cikin manyan malaman coci, shi ne haifaffen Ingila na farko da ya sami wannan matsayi.

'Yan'uwana ɗalibai, ga mutumin da aka raba da gida yana ɗan shekara 7, ya zauna wuri ɗaya fiye da shekara 50, bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba. Abin da ya ke da shi laburare ne, da yatsu goma, da haƙurin sake ƙirga abin da kowa ya ce an riga an ƙirga. Da aka zarge shi bai yi zagi ba, bai kuma ja da baya ba, lissafinsa ya shimfiɗa kowa ya gani. Duk wanda ya ce muku ƙarni na 22 zai fara a 2100, ku ce masa ya ƙirga naira 100 a hannunsa tukuna, zai ga sai 2101.